Kunamar Bindigar Kakana

Ina da shekara goma sha ɗaya Kaka ta zo mana Madina, kuma zuwan ke nan ɗaya da ta yi. Mahaifiyar Babana ce. Kafin nan ban taɓa ganinta ba sai a hoto guda, wanda ta runtse ido a ciki. A Madina aka haife ni, a Harra ta Gabas, a saman wani gida mai hawa biyu, inda in aka leƙa ta taga ake hangen baƙaƙen duwatsu a filin da ba a gina ba tukuna. Baba yana ba da magani a saidaliyyar wani asibiti. Hausa ina jinta sarai, amma in aka yi mini magana da ita da Larabci nake amsawa, in ma na amsa. Yawanci kai kawai nake gyaɗawa.

Ranar da jirginsu ya sauka tun bayan azahar muke tsaye a ƙofar fitowa, ni da Baba. Mutane suka yi ta wucewa da jakunkuna har suka ƙare, babu Kaka. Ana gab da kiran la'asar wani ma'aikaci ya fito ya kira sunan Baba. Na riƙe gefen rigarsa muka bi shi.

Wani ɗan ɗaki aka kai mu mai sanyin iyakwandishan. Kaka tana zaune a kujera, ta cire takalmanta ta ajiye su a jere a ƙarƙashi. Ƙarama ce ƙwarai, ba kamar yadda na zata ba. An baje kayanta a kan tebur: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu a gwangwani, da maburgi guda biyu. Can gefe an ware abu biyu. Ɗaya katako ne baƙi, tsawonsa kamar hannun Baba, ya yi sumul saboda riƙo. Ɗayan yana naɗe a cikin tsumman saƙi, gefensa kawai ake gani, ƙarfe ne da bai fi tafin hannuna biyu ba.

Baba ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon wani wajen, kamar jiya suka rabu, alhali shekara shida ke nan. Sai ta juyo gare ni.

"Wannan ce Balarabiyar? Zo nan in gani ko da ƙashi a jikinki."

Ta matsa dantsena da yatsu masu kaushi. Warin hayaƙin itace na ji a mayafinta, warin da ban san shi ba.

Jami'in da ke kula da kayan saurayi ne mai ladabi. Ya tura katakon gaban Baba ya ce wannan itace ne, a tafi da shi. Ya ɗora yatsa a kan tsumman ya ce wannan kuwa makami ne, a nan zai zauna sai an duba. Baba ya faɗa wa Kaka.

"Makami?" in ji ta. "Ka tambaye shi ta ina harsashin zai fita. Ta hancinsa?"

Baba bai tambaye shi ba. Ya sa hannu a takarda, aka ba shi wata 'yar ƙaramar takarda mai lamba, muka kwashe kuka da daddawa muka fito.

A mota na fahimci abin da ake ciki. Kakana maharbi ne, kuma ya rasu shekara biyu kafin nan, Baba bai samu zuwa jana'iza ba. Takardar izinin bindigarsa da sunansa take, da ya rasu ta tashi aiki. Shi kuwa tun yana kwance ya riga ya faɗi yadda za a yi: a kai wa maƙeri ya kwance ta, babban ɗansa ya ɗauki bututun, mai bi masa ya ɗauki gafakar albarushi da sandar ɗuri, katakon da kunamar kuwa a kai wa ɗan boko. Baba ke nan. Kunama ita ce wurin da ake jan yatsa, haɗe da ɗan ƙarfen da ake ɗanawa ya sara. A garinsu kowa ya yarda bindigar da aka raba uku ta daina zama bindiga, ta koma itace da ƙarfe. Kaka ta ƙi ba kowane alhaji saƙon. Ta ce hannu da hannu aka ce mata, kuma ba za ta koma gida ba sai ta sa shi a hannun mai shi. Bizarta ta wata ɗaya ce.

Ɗaki ɗaya aka haɗa mu. Ta ƙi hawa gado, ta sa aka shimfiɗa mata bargo a ƙasa. Ni ke kai ta Harami ta ƙofar mata in na taso daga makaranta, domin Umma tana da goyo. Ba ta yarda in riƙe hannunta, ita ke riƙe nawa, a wuyan hannu, kamar wadda ta kama akuya. A hanya tana magana, ina saurare. Ta tambaye ni me ya sa duwatsun unguwarmu suka ƙone, na ce mata da Larabci ban sani ba, ta ce to ai ita ma ba ta san abin da na ce ba, mun yi daidai.

Baba ya ɗora katakon a saman kabad ɗin falo. Da safe kafin ya fita aiki nakan gan shi ya sauko da shi. Akwai wani rami a jikinsa mai siffar ƙarfen da aka cire, itacen wurin ya fi sauran haske. Yakan sa babban yatsansa a ciki ya tsaya jim, sannan ya mayar ya goge hannu a wando. Sau biyu ya koma filin jirgi da 'yar takardar nan mai lamba, sau biyu aka ce ƙarfen ya wuce wani ofis, a jira.

Wata ranar Alhamis Kaka ta zaunar da ni a tsakanin ƙafafunta tana yi mini kitso. Ta ce gashina ya lalace da man kwalba. Tana ja ina cije leɓe, tana ba ni labarin Kakana: yadda yake shafa wa bindigar man gyaɗa kowace Juma'a, yadda yake fita da asuba ya dawo da zabi biyu a rataye, yadda ba ya barin kowa ya taɓa ta, har ita. Sai ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Shekara biyu kunamar nan tana cikin tukunya a ɗakina, tsatsa ta kama ta jawur. Na ce ni in kawo wa ɗana tsatsa garin Manzon Allah? Na kai wa maƙeri. Ya goge ta da yashi da lemun tsami, ya sa mata sabon sifirin. Kin ji ƙararta kuwa? Kamar ranar da aka ƙera ta. Kada ki faɗa wa babanki, so nake ya gani da idonsa."

Na gyaɗa kai, ta ce in daina motsi zan karkata mata layi.

Da sati na biyu ya shiga Baba ya kai mu unguwar Ƙurban wurin wani dattijo. Ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya taso daga Hausa a ƙafa ta Sudan ya zauna. Ya yi aiki shekaru a filin jirgi kafin ya huta, ya san yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur. Hausarsa tsohuwa ce, yana cusa mata Larabci a tsakiya. Kaka ta shiga ciki wurin matarsa. Ni aka ba farantin shayi in kai wa maza, da na ajiye sai na rakuɓe a bakin ƙofa, ba wanda ya kore ni.

"Ya Duktur," in ji dattijon, "nizami, wato dokar ƙasar nan, ba ya kallon bindiga gaba ɗayanta. Gunduwa-gunduwa yake kallo. Itace kowane kafinta zai sassaƙa maka, ba ruwan hukuma da shi. Amma abin da ke sara ya tayar da wuta, shi ne ran abin. Wanda ya riƙe shi, a takarda ya riƙe bindiga, ko da bututun yana bayan teku. Kai kuma da igama kake zaune, takardar zaman baƙi, ba za a ba ka tasrihi ba, wato izinin makami, kada ma ka nema."

"To ba hanya ke nan, Ammi?"

"Akwai. In abin tsoho ne, ya mutu, ba ya motsi, sai a rubuta shi kayan tarihi, a ba ka ka rataye a bango. Shekararsa nawa?"

"Ya girme ni."

"An yi aiki da shi kwanan nan?"

"Tun kafin tsohon ya kwanta ciwo. Yanzu ai tsatsa ta gama da shi."

"Khalas. Kawo takarda."

Ya gyara tabarau ya shiga rubuta takardar roƙo, yana karantawa a fili: tsohon ƙarfe ne na gado, tsatsa ta ci shi, ba ya aiki. Ina jinsu. Na so in yi magana. Na dubi Baba, na ga rabon da fuskarsa ta saki haka tun ranar filin jirgi. Na tuna Kaka ta ce kada in faɗa. Kuma ban taɓa buɗe baki a gaban baƙon namiji ba tare da an tambaye ni ba. Na kwashe kofuna na koma ciki. Har yau in na tuna faranti nake ji a hannuna, da ƙarar cokula suna kaɗawa.

Saura kwana tara bizar Kaka ta ƙare aka kira mu. An ce a zo da mai kayan. Baba ya karɓo mini izini a makaranta domin in zauna kusa da ita, ya ce Larabcina ya fi nasa saurin kama maganar mutanen gari. Ofishin yana hawa na biyu, Kaka ta hau matakala tana ƙirgawa a ƙarƙashin numfashi. Wanda ya karɓe mu babban mutum ne mai furfura a gemu, a teburinsa akwai ƙaramar fitila da madubin ƙara girma. Ya karanta takardar roƙon, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da tsumman saƙin ya warware.

Ƙarfen yana sheƙi. Akwai ɗan zane a jikinsa kamar ganyen dabino, an goge shi har ƙasan layukan. Baba ya matso da kujerarsa.

Mutumin ya sa babban yatsa ya ja ɗan ƙarfen baya har ya tsaya, sannan ya taɓa kunamar. Ta sara, ƙas! Wani magatakarda da ke can gefe ya ɗago kai.

Kaka ta yi murmushi ta dubi ɗanta.

"Ya Duktur," mutumin ya ce, yana buga takardar da yatsa, "a nan ka rubuta ba ya aiki."

Kunnuwan Baba na kalla, domin ban iya kallon idonsa ba.

Mutumin ya juya ƙarfen a ƙarƙashin fitila, ya nuna wani lanƙwasasshen yanki da launinsa ya bambanta. Ya dube ni. "Ya binti, tambayi Hajiya wa ya sa wannan."

Ban ma gama haɗa tambayar ba Kaka ta gane. Ta gyara zama ta ba da labarin maƙeri da yashi da lemun tsami, har da yadda ta tsaya a kansa don kada ya yi mata aikin ganin ido. Na mayar da Larabci, muryata ƙasa-ƙasa, sau biyu yana cewa in ɗaga. Da na gama ya jingina da kujera, ya yi 'yar dariya wadda ba ta raini ba.

"Wallahi maƙerinku gwani ne. Ki faɗa mata, da ta bar shi da tsatsarsa, yau ɗin nan zan sa hannu ku tafi da shi. Amma wannan da na gani yana aiki, ba zan rubuta ba ya aiki ba."

Na dubi Baba ko zai karɓe ni. Kansa yana ƙasa. Sai na juya na faɗa mata da Hausa, kuma ina jin ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi da Hausa a rayuwata zuwa ranar.

"Kaka, ya ce gyaran ne. Ya ce da kin bar tsatsar da an ba Baba yau. Yanzu tana da rai, ba za a bayar ba."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya sauka. Ta dubi hannayenta a kan cinya.

"Ni na yi ke nan," ta ce.

"A'a, Inna," in ji Baba.

"Yi mini shiru. Ni na yi."

Mutumin ya bar mu muka ɗan nutsu, sannan ya ce hanya biyu ce. Ko a bar ƙarfen a hannun hukuma, ko a kai shi a yi masa walda, a like ɗan ƙarfen da kunamar yadda ba za su ƙara motsi ba har abada, sannan a rubuta shi kayan tarihi a ba Baba. Wannan karon Baba ne ya fassara. Ya ƙara da cewa duk abin da ta ce shi za a yi.

Kaka ta zuba wa ƙarfen ido. Ana jin motoci a titi, da ƙarar injin buga takarda a ɗakin da ke kusa.

"Shekara arba'in babanka yana shafa mata mai," ta ce. "Ko ruwan sama bai bari ya taɓa ta ba." Ta ja bakin mayafinta ta goge gefen baki. "Amma cewa ya yi in sa a hannunka. Bai ce mini mai motsi ko marar motsi ba. A like."

Baba ya juya ga mutumin ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya riƙe kafin a tafi da shi. Mutumin ya turo masa a kan tsumman. Baba ya ɗauka da hannu biyu yadda yake ɗaukar ƙanena jariri. Ya gwada jan ɗan ƙarfen da manuniya, ya ƙi zuwa. Ya sake, yatsan ya zame.

"Da babban yatsa, kai ma!" in ji Kaka. "Wai ɗan maharbi ne wannan. Tokare a cinyarka. Ja sosai, ba allura ba ce."

Ya tokare, ya ja, ya tsaya. Ya dube ta, ta ɗaga masa gira. Ya taɓa kunamar, ƙas! Sai ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, gajeriya, kamar ta yaro. Idanunsa sun cika. Daga baya Umma ta gaya mini tun yana ƙarami 'yan'uwansa ke bin tsohon daji, shi kuwa ana tura shi makaranta da allo da fensir, bai taɓa sa hannu a kunamar bindigar ba sai ranar.

Ya naɗe ta da kansa, ya sa hannu a inda aka nuna masa.

Mun ɗauka kwana biyu ko uku ne. Amma takardar sai da ta je wani ofis ta dawo, sannan ta jira wani sa hannun. Kowace rana Baba ya shigo Kaka takan dubi hannunsa kafin ta dubi fuskarsa. Ranar tafiyarta ta zo ba a kira mu ba. Baba ya ce ai ya riga ya riƙe a gabanta, amana ta sauka. Ta ce riƙon aro ba riƙo ba ne, a gaban mai gemu aka ba shi, a gabansa aka karɓe. A filin jirgi ta kama wuyan hannuna ta ce in ci gaba da shafa man shanun da ta bar mini. Na so in gaya mata na ji lokacin da ake rubuta takardar tsatsa ban yi magana ba. Layi ya motsa, ta sake ni.

Bayan sati biyar Baba ya dawo da tsakar rana da ambulan mai kauri. Ya zazzage a kan tabarma. An yi waldar wuri biyu, ta taru kamar busasshen ƙaro, baƙi-baƙi da shuɗi, ta cinye rabin zanen. Ya taɓa kunamar da yatsa sau ɗaya, bai matsa ba.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci ya ɗauko rakoda da sabon kaset, domin garinsu babu waya, kuma akwai wani mai Umra da zai koma. Ya yi sallama, ya gai da kowa da kowa gida-gida, sannan ya ce, "Inna, saƙo ya iso. Ga shi a hannuna yanzu haka da nake magana. A gidana zai kwana." Sai ya turo mini rakodar. Na gaishe ta da Hausa, na ce kitson ya tsufa, Umma ta tsefe, kuma nata bai kai na Kaka kyau ba. Umma ta ce daga kicin ta ji ni.

Amsar sai bayan wata uku ta zo, a kaset ɗin da muka aika, an yi magana a bayansa. Muryar Kaka ta fito da ƙarfi, ta matsa bakinta kusa da rakodar. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ce ranar da ta ji ta tara 'yan'uwan Baba ta kunna musu su shaida, yanzu ba abin kowa a wuyanta. Ta yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya, ta ce a gaya wa mai gemu ta yafe masa, ko da yake ba ta ga laifinsa ba. Daga nan sai ta manta ba ta kashe ba, ko kuwa ba ta san inda ake kashewa ba.

Kaset ya ci gaba. Ana jin daka a wani gida, taɓarya biyu suna karɓa-karɓa. Zakara ya yi cara. Wata mata ta yi sallama tana tambayar aron rariya, Kaka ta ce a duba bayan randa. Can nesa guga ya bugi bakin rijiya.

Na miƙa hannu zan kashe, Baba ya riƙe ni. Muka zauna muna saurare har zaren ya ƙare, maɓallin ya tashi da kansa. Ya mayar da shi baya, ba zuwa farkon maganar ba, zuwa daidai inda dakan ya fara.